Zama cikin jirgin ruwa a magudanan Ingila

Ƙanena, ka tambaya ko da gaske ne a Ingila akwai masu zama cikin jirgin ruwa kamar gida. Da gaske ne. Mu 'yan Damagaram da muka saba da tabki kawai, dole abin ya ba mu mamaki.

Magudanan nan haƙa su aka yi don jigilar gawayin ƙasa da kaya, kamar ta Bridgewater da aka buɗe a 1761. Jirgin siriri ne, faɗinsa mita 2 da ɗan kaɗan, tsawonsa kan kai mita 21. Ciki akwai gado, madafa da makewayi. Gudunsa bai wuce kilomita 6 a awa ba, kamar mai sauri da ƙafa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ruwa. Suna bisa ruwa, amma ba a shan na magudanar. Sai sun je famfon bakin hanya sun cika tanki, suna lissafin kowane bokiti, kamar yadda iyayenmu mata ke tattalin jarkar ɗan garuwa lokacin bazara. Makewayin ma da hannunka za ka kai ka zubar inda aka tanada. Wuta kuwa batir ne da farantin hasken rana, lokacin sanyi kuma a hura murhu.

Inda ƙasa ta yi tudu akwai ƙofofin ruwa: jirgi ya shiga, a rufe, a cika ko a rage ruwan, sannan ya wuce. Kuma wanda ba shi da matsaya ta dindindin ba ya wuce kwana 14 wuri guda, sai ya gusa gaba.