Tambayoyinku: Kafaɗar hagu ke ciwo, alhali da dama nake buga golf

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 54, ina buga golf a nan Bauchi duk ƙarshen mako. Tun shigowar hunturu kafaɗata ta hagu ke ciwo, ba na iya kwanciya a kanta, saka babbar riga ma sai na cije. Kuma ni ba bahago ba ne. Me ke kawo haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Mai bugu da dama kafaɗarsa ta hagu ce ke gaba, ita ke fuskantar inda ƙwallo za ta je, kuma ita ta fi shan wahala. Idan ka kai sanda baya ka ɗaga ta ƙurewa, hannun hagu yakan gitta ƙirji. A nan gaɓar da ke saman kafaɗa take matsuwa, wasu daga jijiyoyin tsokoki huɗun da ke riƙe da kan ƙashin damtse su kuma su miƙe sosai. Daga nan sai ka fizgo da ƙarfi. Wanda ya haura hamsin, jijiyoyin nan sun riga sun fara saki, ga baya da ƙugu sun sage da zaman ofis da mota. Juyin da ya kamata su yi sai kafaɗa ta biya.

Hunturu ma da nasa laifin. Ƙasa ta bushe ta yi tauri, duk bugun da sanda ta riga ƙwallo taɓa ƙasa, girgizar a kafaɗa take sauka. Ga fitar sassafe cikin sanyi, mutum ya fito daga mota ya zari doguwar sanda ba tare da ya motsa jiki ba.

Gwada wannan: ɗaga hannun ta gefe a hankali. Idan zafin ya kama a tsakiyar hanya, wajen daidai kafaɗa, ya lafa bayan hannu ya kai sama, jijiya ce ke gugar ƙashi. Idan kuma sai ka kai hannun kan kafaɗar dama zafin ke tsira a can sama, gaɓar ce.

Ka ajiye cikakken bugu na mako biyu zuwa uku, amma kada ka rataye hannun, domin kafaɗar da aka daina motsawa daskarewa take yi, musamman ga mai ciwon suga. Ƙanƙara a cikin tawul, minti 15, sau biyu ko uku a rana. Ibuprofen da diclofenac suna rage zafi, sai dai mai gyambon ciki, hawan jini ko ciwon koda kada ya sha sai da izinin likita.

Ainihin maganin ƙarfafa tsoka ne. Ɗaura igiyar roba a mariƙin ƙofa, ka manna gwiwar hannu a haƙarƙari da naɗaɗɗen tawul a tsakani, ka ja hannun waje sannu a hankali. Sau 15, zagaye uku, kana tsallake rana. Sai an yi mako shida zuwa 12 ake ganin amfaninsa sosai, kuma a nan yawancin mutane ke karaya. Komawa fili kuwa da turin ƙwallo rami ake farawa, sai gajeren bugu, sai rabin ɗagawa. Doguwar sanda ce ta ƙarshe, rami tara kafin 18.

Idan ka ji wani abu ya tsinke hannun ya ƙi ɗaguwa, ko an yi mako shida ba sauƙi, ka je sashen ƙashi na Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa. Amma ciwon kafaɗar hagu da ya zo da nauyin ƙirji, zufa ko haki, wannan ana zargin zuciya ne, asibiti nan take.

Tambaya: Maigidana ya yi hoton ƙashi a Gombe an ce lafiya lau, amma ciwon kafaɗarsa na nan. Mu kai shi wurin mai ɗori?

Amsa: A'a, Hajiya. Hoton eksire ƙashi yake nunawa, ba ya nuna yagewar jijiya, kuma inda babu karaya ko targaɗe babu abin ɗorawa. Idan jijiyar ta yage, murza da ja na iya ƙara yage ta. Ku nemi likita ya duba ko yana buƙatar sikanin ko MRI, hotunan da ke nuna jijiya, sannan ya tura shi wurin masu fisiyo, wato masu magani ta hanyar gashi da motsa gaɓoɓi.