Amsar tambayarka kan John Glenn da mayar da suna

Takwara, saƙonka ya iso. Ya karatu, ya mutanen gidan?

Ka ce ka ga Amurkawa sun sa wa wani ƙaton roka suna New Glenn don girmama ɗan sama jannatinsu John Glenn, kana tambaya ko daidai yake da mayar da suna da muke yi, kuma me ya sa mu ba ma adana kayan magabata da hotunansu kamar su.

Sun yi kama, amma ba ɗaya ba ne. Mu jariri muke mayar wa suna, don sunan ya ci gaba da amsawa a tsakar gida, shi ya sa har yau uwarka ba ta iya kiranka da sunan yanka, sai Abba. Kayan mamaci kuwa gado ne, a raba wa magada, tufafi a yi sadaka da su, a bi shi da addu'a. Su kuma hukuma da kamfani ne ke riƙe suna. Tun Glenn yana raye, a 1999, aka sa sunansa ga cibiyar binciken NASA, wato hukumar sararin samaniyar Amurka, da ke Cleveland a jiharsa ta Ohio. Ya rasu ranar 8 ga Disamba 2016 yana da shekara 95.

Amma akwai abin da nake so ka sani, wanda ba na jin an gaya muku a makaranta. Ranar 20 ga Fabrairu 1962 da Glenn ya kewaya duniya sau uku cikin kumbon Friendship 7, tafiyar da ba ta kai awa biyar ba, ɗaya daga cikin tashoshin da ke bibiyarsa a Kano take, wata kuma a Zanzibar. Da ya gifta ta samanmu sai ya gaya wa ma'aikatan tashar Kano cewa yana hango guguwar ƙura. Suka amsa masa cewa ai mako guda ke nan ana iska mai ƙarfi. Watan Fabrairu fa! Ƙurar da ke fasa mana leɓe da kaushin ƙafa ita mutumin ya hango daga can. Su sun rubuta wannan hira sun ajiye. Mu da aka yi abin a ƙofar gidanmu, fita ka tambayi samari goma ka ji.

Kyamarar da ya tafi da ita ma ba wata ta musamman ba ce. A wani kantin magani na garin Cocoa Beach a Florida ya saye ta, kusan dala 40, don a lokacin hukumar ba ta ɗauki hoto da muhimmanci ba. Injiniyoyi suka juya ta kai ƙasa, suka ƙera mata mariƙi irin na ƙaramar bindiga, saboda da kaurin safar hannun da ke jikinsa yatsa ba zai iya latsa ƙaramin maɓalli ba. Yau tana gidan tarihi na Smithsonian. Kar ka bari a ce maka shi ya fara ɗaukar hoton duniya daga sama, Gherman Titov na Tarayyar Sobiyet ya riga shi tun Agusta 1961. Bayan su abin ya zama aiki sosai: ɗan sama jannatin Amurka Bill Anders ya ɗauki hoton duniya tana ɓullowa ta bayan wata a Disamba 1968, sannan a 1972 'yan kumbon Apollo 17 suka ɗauke ta cif, ga Afirka, ga Sahara, ga ƙasar Makka, duk a fili.

Ni dai ban ga abin da za mu canza a mayar da suna ba, roka ba ya yi wa kowa addu'a. Inda suka fi mu shi ne rubuta rana da wuri da sunan wanda ke ciki. Batun rataya hoto a bango malamai sun yi magana, wannan ka tambaye su. Amma akwatin ƙarfen nan na kakarka cike yake da hotunan da duk gidan ni kaɗai na san fuskokin ciki, kuma gara ta fara taɓa wasu. In kun zo hutun Sallah ka taho da biro da wayarka, ina faɗa kana rubutawa a bayan kowanne.

Ka gaida iyayenka. Allah ya yi maka albarka.