Tambaya da Amsa: Likita zai iya ƙwarewa a fannin tiyata biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a shekarar ƙarshe ta karatun likita. Hankalina ya rabu tsakanin tiyatar ƙashi da tiyatar ƙwaƙwalwa da laka. Akwai yadda zan haɗa su a horona in fito da shaidar ƙwarewa biyu, ko kuwa taura biyu ce da ba ta taunuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Mutum zai iya yin su, amma bi da bi, ba a lokaci guda ba. A tsarin Amurka horon tiyatar ƙashi shekara 5 ne, na ƙwaƙwalwa shekara 7. Ka ga shekara 12 ke nan bayan digirin likita, kuma ko an yi maka rangwame saboda abin da ka koya a horon farko, ba zai rage wani abin kirki ba.

Abin da ya hana a cuɗa su shi ne ba da yawan karatu ake zama likitan tiyata ba, da yawan aikin hannu ne. Kowane mai koyo yana da littafin da ake rubuta duk tiyatar da ya shiga da matsayinsa a cikinta: kallo ya yi, taimakawa ya yi, ko shi ya riƙe wuƙa. A tiyata ta gama-gari a can, sai ya cika manyan ayyuka 850, kuma 200 daga ciki a shekararsa ta ƙarshe. Ga shi tun 2003 aka ƙayyade wa masu koyo awa 80 a mako. Littafi ɗaya ake iya cikawa a wannan lokaci, ba biyu ba. Sannan nauyin da ake ɗora wa mutum hawa-hawa ne. Daga riƙe ƙarfen buɗe rauni da ɗinke fata ake farawa, sai a ƙarshe a bar masa ɗakin tiyata da yanke shawara. Wanda ya sauya fanni ƙasa zai koma ya sake hawa, ko da ya girmi masu koya masa.

Akwai kuma batun kuɗi. Shirin Medicare, wanda ke tallafa wa asibitocin Amurka a kan horar da likitoci, cikakken kaso yake biya na tsawon horon farko, bayan nan tallafin kai tsaye ya koma rabi. Shi ya sa asibitoci ba su cika ɗokin ɗaukar mai neman horo na biyu ba.

Amma babbar matsalar tana bayan kammalawa. Tun 1979 bincike yake nuna cewa a manyan ayyuka masu wuya, inda ake yawan yin aikin nan ne marasa lafiya suka fi tsira. Likitan da ya raba makonsa tsakanin sauya ƙugu da cire ƙari a ƙwaƙwalwa, rabin abin da takwarorinsa ke yi a kowane ɓangare zai riƙa yi. Hannu yana mantuwa, kayan aiki suna sauyawa, kuma kowane sashe zai so ya saka shi a jadawalin kwanan asibiti. Yawanci ɗaya daga cikin takardun a bango take ƙarewa.

Shawararmu ita ce ka dubi inda fannonin naka suka haɗu, wato ƙashin baya. Likitan ƙashi da likitan ƙwaƙwalwa duk suna isa wurin, galibi da ƙarin horo na shekara 1. Dukkansu suna cire faifan tsakanin ƙasusuwan baya da ya danne jijiya, suna ɗaure ƙasusuwan baya da kusoshi da sandunan ƙarfe. Bambancin yana gefe-gefe: ƙari da ke cikin rigar laka aikin likitan ƙwaƙwalwa ne, karkacewar baya a yara kuwa ta fi zama a hannun likitocin ƙashi. Sai ka tambayi kanka: da za a cire ƙashin baya daga lissafi, wanne za ka iya yi kullum, karaya da gwiwa da ƙugu, ko raunin kai da zubar jini a ƙwaƙwalwa? Amsar ita ce ƙofar da za ka shiga.

Tambaya: Na ga likitoci masu shaida biyu, ta tiyatar gama-gari da ta zuciya ko jijiyoyin jini. Wannan ba haɗa fanni biyu ba ne?

Amsa: Haɗawa ce, amma ɗaya a kan ɗaya aka gina. A Amurka ana yin shekara 5 ta gama-gari, sannan a ƙara 2 don jijiyoyin jini ko tiyatar yara, 2 ko 3 don zuciya da ƙirji, 3 don tiyatar gyaran jiki. Yanzu akwai hanyar kai tsaye: jijiyoyin jini shekara 5, zuciya da ƙirji 6, gyaran jiki 6. Mai bin ta yana rage shekaru, sai dai shaida ɗaya yake samu, kuma idan ra'ayinsa ya sauya a tsakiya ba shi da ta gama-gari da zai koma kanta. Tiyatar hannu ma mahaɗa ce: likitan ƙashi, na gyaran jiki da na gama-gari duk suna shigarta da horon shekara 1.

Inda ake haɗa karatu biyu cikakku da gaske shi ne tiyatar baki, muƙamuƙi da fuska. A Ingila sai mutum yana da digirin likitan haƙori da na likita, duka biyun, kafin ya zama ƙwararre a fannin.

Tambaya: Likita ce ni a asibitin da likitan tiyata ɗaya ne tal. A irin wannan wuri, ai gara mutum ya ƙware a fanni biyu?

Amsa: Likita, abin da wurinki yake buƙata faɗin hannu ne, ba takarda ta biyu ba. Kwamitin mujallar Lancet kan tiyata a duniya ya ware ayyuka uku a 2015 a matsayin ma'aunin asibitin matakin farko: fiɗar haihuwa, buɗe ciki na gaggawa, da kula da karayar da ƙashi ya ɓullo waje. Fanni uku ne daban-daban, amma mutum ɗaya yana iya koyonsu da kyau.

Ki yi tiyatar gama-gari cikakkiya, sannan ki nemi zama na 'yan watanni a sassan haihuwa, ƙashi da mafitsara, da jerin ayyukan da kike son koya a rubuce: fiɗar haihuwa da tsayar da zubar jini bayanta, wanke buɗaɗɗiyar karaya da kafa mata ƙarfen waje, saka robar fitsari ta mara idan ta ƙasa ta ƙi shiga. Kowanne ki yi shi a gaban ƙwararre, ya sa hannu a littafinki. Inda ake samun matsala shi ne a koyi aikin a bar abin da ke biyo bayansa: an iya ciro jariri, ba a san yadda ake gane an ji wa mafitsara rauni ba. Kafin ki ɗauki wani aiki ki duba ko asibitin yana da jinin ƙari, mai sa barci, iskar oksijin da hoton ƙashi. Idan babu, ki tsayar da jini, ki wanke rauni, ki ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ki tura mara lafiya gaba da cikakken bayanin abin da kika yi da lokacin da kika yi shi.