Allurar ƙarfin maza: a saya, ko a fara zuwa awon jini?

Wani ɗan kasuwa daga Tawa ya rubuto: "Shekarata 54. Kusan shekara biyu ke nan gajiya ba ta sakina, sha'awar iyali ma ta ja baya ƙwarai. A fadarmu wani abokina ya ce sinadarin mazantaka ne ya ƙare mini, kuma ya san inda ake samun allurar testosteron ba sai da takardar likita ba. In saya?"

Alhaji, kada ka saya tukuna. Abokinka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba: testosteron, wanda ƴaƴan maraina suke sarrafawa bisa umarnin wani ɗan ƙulli da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, yana raguwa da shekaru. Amma a hankali yake sauka, kimanin kashi 1 cikin 100 kowace shekara daga wajen shekara 40, kuma mafi yawan maza suna tsufa ba tare da ya faɗi ƙasa da ƙa'ida ba. Gajiyar da ka faɗa tana da iyaye da yawa: ciwon suga, tansiyo, ƙarancin jini, rashin barci, damuwar bashi da ta kasuwa. Ciwon suga da ƙibar tumbi su da kansu suna rage sinadarin, haka ma tramol ga wanda ya daɗe yana sha. Alamomin da suka fi nuna ƙarancinsa na gaske uku ne: mutuwar sha'awa, raunin gaba, da ɗaukewar miƙewar nan ta asuba.

Kuɗin da ka ware wa allura, kai su ɗakin awo. Fara da babban asibitin jiha nan Tawa, a auna maka suga da tansiyo, likita ya rubuta awon testosteron. Idan aka tura ka Yamai, akwai sashen likitocin mafitsara a asibitin Lamorde. Ka kula da wannan sosai, don a nan mutane ke asarar kuɗi: da safe ake ɗibar jinin, kafin ƙarfe 10 ko 11, ba ka ci komai ba, domin sinadarin da safe yake kan ganiyarsa, da yamma ya sauka. Kuma awo ɗaya bai isa ba, sai an maimaita wata rana. Kada a yi shi kana kwance da masassara, zai fito ƙasa ya ruɗe ka. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta sa iyakar ƙaranci a 300 ng/dl, wanda a wata takardar za ka ga an rubuta 3 ng/ml.

In awo biyu suka nuna ƙasa, ga kuma alamomi, to magani yana da amfani, kuma ba abin kunya ba ne. Akwai allurar da ake yi bayan mako biyu zuwa huɗu irin su Androtardyl, akwai Nebido mai kai mako 10 zuwa 14, akwai na shafawa. Amma kafin a fara sai an duba prostat, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da kaurin jini, don testosteron yana sa jini ya yi kauri, kuma ba a ba mai kansar prostat. Wani babban bincike da aka buga a 2023, kan maza sama da 5,000, ya nuna bai ƙara yawan bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba, amma an ga ƙarin rikicewar harbawar zuciya da toshewar jijiyar huhu. Su kuwa waɗannan mazan likita na bin su. Wanda zai yi maka allura a bayan shago ba zai kira ka awo bayan wata uku ba.

Tambaya ta biyu daga Yamai take, daga wani magidanci mai shekara 41: "Na ƙara aure bara, har yanzu amarya shiru. An ce in yi allurar testosteron don maniyyina ya ƙara ƙarfi."

Ɗan'uwa, wannan tambayar ita ta fi tada mini hankali. Allurar nan akasin abin da kake nema take yi. Idan testosteron ya shigo daga waje, ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka akwai isasshe, ta daina aika wa maraina saƙo, su kuma su rage ƙera ƙwayoyin haihuwa, wani lokaci su tsaya cak. Saboda haka ne ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada shi a matsayin maganin tsarin iyali na maza, sakamakon ya fito a shekarun 1990. Bayan an daina, yakan ɗauki watanni kafin abu ya dawo, wani ma fiye da shekara. Abin da kake bukata awon maniyyi ne, kuma ku je tare da amaryar, kada a bar ta ita kaɗai tana yawon neman magani tana shan gorin dangi. In ka taɓa yin hangum bayan ka balaga har maraina suka kumbura, ka gaya wa likita.

Wata baiwar Allah kuma ta tambaya ko ta sayo wa maigidanta zumar nan ko kofin ƙarfin maza da ake tallawa a kasuwa, tunda an ce na itatuwa ne zalla.

Hajiya, hukumar magunguna ta Amurka ta sha gano sildenafil, wato sinadarin Viagra, a ɓoye cikin irin waɗannan zuma da kofi, ba a rubuta a jikin kwalin ba. Shi ba testosteron ba ne, jijiyoyin jini yake buɗewa. In maigida yana shan maganin ciwon ƙirji mai nitrat, haɗuwarsu na iya kayar da tansiyonsa farat ɗaya. Raunin gaba kuma sau da yawa shi ne gargaɗin farko na suga ko ciwon jijiyoyin zuciya. Ki lallaɓa shi cikin sirri, ba gaban yara ko abokiyar zama ba, ya je a auna shi. In likita ya ga Viagra ɗin ta dace da shi, zai rubuta adadin da ya san ƙarfinsa, ku saya a farmasi.