Zumurrudu: Abin Dubawa Kafin Saye da Yadda Ake Riƙonsa

Tambaya: Zan tafi Umara, ina so in sayo wa ’yata da za ta yi aure sarƙar gwal mai koren dutsen nan da ake kira zumurrudu. Ta fi sarƙar gwal zalla tsada sosai. Shin ajiya ce da za ta rufa mata asiri wata rana? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Hajiya, Allah ya kai ki lafiya, ya sanya alheri a auren. In dai ajiya kike nufi, sayi gwal zalla. Gwal yana da farashinsa a kan giram, duk shagon da aka kai shi sikeli ne zai raba gardama. Dutse kuwa ranar sayarwa yawancin masu shago cire nauyinsa suke yi, su biya kuɗin gwal kaɗai, abin da kika zuba a kansa ya bi ruwa. Mai shago zai iya ba ki labarin zumurrudun da aka yi gwanjonsa a New York a 2017, mai nauyin karat 18, wanda bai kai giram huɗu ba amma aka saye shi dala miliyan biyar da rabi. Gaskiya ne. Sai dai irinsa ƙalilan ne a duniya, kuma ba shi ake jerawa a shagon sarƙa ba.

Idan don ado ne, saya mata da zuciya ɗaya, domin ni dai ban ga koren da ke haska fuskar amarya kamarsa ba. Launi za ki fara dubawa. Ki nemi kore cikakke mai rai, wanda bai yi duhu ya koma baƙi ba, bai kuma koɗe ba. Ki matsa da shi bakin ƙofa ki gan shi a hasken rana, don fitilun shago suna ƙara wa komai kyau. Ki ɗaga shi ki leƙa cikinsa: za ki ga ’yan zare-zare da ƙananan tsagu da gizo-gizo kamar gansakuka. Kada wannan ya tsorata ki, haka Allah ya halicce shi, da wuya a haƙo wanda ba shi da su. Wanda za ki yi wa kallon tuhuma shi ne babba, garau, ga arha. Sau da yawa gilashi ne, musamman in kika hango ’yan kumfa zagayayyu a ciki, ko kuma na masana’anta ne. Tun shekarun 1930 ake haɗa zumurrudu a ɗakin gwaji, sinadarinsa ɗaya da na ƙasa, kuma ba laifi a saya, muddin an faɗa miki kuma kuɗinsa kika biya.

Ki tambaye su ko an sa masa mai. Kusan duk zumurrudun kasuwa an ɗura masa mai ko wani irin ƙaro a cikin tsagunsa don su ɓuya. Ɗan kaɗan sananne ne a sana’ar, wanda aka cika shi da yawa kuwa darajarsa ta faɗi. A rasit, a rubuta nauyin gwal daban, na dutse daban. Karat ɗin dutse nauyi ne, kashi ɗaya cikin biyar na giram, ba shi ne 21 ko 22 da ake faɗa a gwal ba. In dutsen babba ne, kada ki biya sai da takardar gwaji daga cibiyar da ba ta mai shagon ba.

Tambaya: Na gaji zoben mahaifiyata. Kullum yana hannuna, har wanke-wanke. Yanzu dutsen ya dushe, fararen layuka sun fito. Ya lalace ke nan? Daga Maraɗi.

Amsa: Allah ya jiƙan Mama, ’yar’uwa. Ina kyautata zaton bai lalace ba. Ruwan zafi da omo ne suka wanke man da ke cikinsa, tsagun da dama suna nan suka bayyana. Masu aikin duwatsu suna iya sake sa masa mai. Kada ki gwada da man girki a gida, kada kuma ki bari a jefa shi cikin injin nan mai girgiza ruwa da ake wanke gwal da shi, ko a kai masa wuta wajen gyaran zoben ba a cire dutsen ba. Zumurrudu yana da tauri, yana tsakanin 7.5 da 8 a ma’aunin da lu’ulu’un daiman yake 10, amma saboda tsagun nan bugu ɗaya a bakin tukunya zai iya ɓantare shi. Wankinsa ruwa mai ɗumi-ɗumi ne da sabulu marar ƙarfi da tsumma mai laushi, ba jiƙawa. Ki gama shafa mai da fesa turare kafin ki sa shi, ki kuma ajiye shi a ƙyallensa shi kaɗai.

Tambaya: Wani ya kawo mini tallan zobe, ya ce dutsen daga Masar yake, yana ƙara ganin ido, maciji kuma ba ya kusantar mai shi. Daga wani magidanci a Zariya.

Amsa: Malam, zancen Masar yana da tushe amma ya tsufa. A hamadar da ke tsakanin kogin Nilu da Bahar Maliya, wajen Wadi Sikait, an haƙi zumurrudu kimanin shekara dubu biyu da suka wuce, wuraren da ake dangantawa da Sarauniya Kiliyofatira. Kasuwarsu ta mutu bayan Sifaniyawa sun mamaye Kolombiya a ƙarni na 16, suka ƙwace ramukan Muzo, suka tilasta wa mutanen ƙasar haƙa, da yawa suka mutu a wannan aiki. Duwatsun can ne suka cika taskokin sarakunan Mughal na Indiya, inda ake sassaƙa addu’o’i a jikinsu, da na Farisa da Daular Usmaniyya. A fadar Topkapi ta Istanbul har yau akwai wuƙar da Sultan Mahmud na Ɗaya ya aika wa Nadir Shah, sarkin Farisa, a 1747, da manyan zumurrudu uku a ƙotarta. An kashe Nadir Shah kafin ’yan aike su isa, aka juyo da ita. Yau Kolombiya da Zambiya da Barazil ne ke ciyar da kasuwa. A nan gida ma ana samunsa a yankin Nasarawa Eggon da Gwantu, galibi korensa bai cika kauri ba.

Maganar ido tun Rumawa ake yinta, masu sassaƙa suna kallonsa don idonsu ya huta. Ta maciji kuma ta yaɗu a tsoffin littattafan Larabci, ana cewa idonsa fashewa yake in ya kalli dutsen. Malam Al-Biruni, wajen shekara dubu da ta wuce, ya gwada da macizai ya tarar ba abin da ya same su. Don Allah kada ka shiga gona da dare kana dogaro da zobe, kuma in ido yana damunka ka ga likita.

Idan kyansa ya burge ka, ka taya a matsayin ado bayan wanda ya san dutse ya duba maka. Ka sa maƙeri ya ɗora shi a azurfa, ya kewaye bakinsa duka da ƙarfe maimakon ’yan farata huɗu, tunda hannun namiji ya fi yawan cin karo da abubuwa.