Farin furen bakin hanya ba babunaj ba ne

Kabiru, ka tambaye ni ko ciyawar nan mai farin fure da rawaya a tsakiya, wadda ka gani a hanyar Lamingo a Jos, ita ce babunaj (chamomile), furen da muke sayarwa ana shan shayinsa don magani, har kana so ka tsinko mu huta da saye. Kada ka tsinko. Danginsu ɗaya, amma babunaj tsiron Turai da yammacin Asiya ne, Masar kuma na cikin manyan masu noma shi.

Dubi ganye tukuna. Na babunaj sirara ne kamar zare, na waccan kuwa faffaɗa ne mai gashi. Sannan ka tsaga kan furen da reza daga sama zuwa ƙasa. Na gaskiya akwai kogo a cikinsa, idan ka murza kuma ƙamshin tuffa zai tashi. A can ƙasashen ma akwai wata mai kama da shi, cikinta a toshe, tana wari, tana sa fata ta yi bororo. Don haka ko a buhu aka kawo, tsaga ka gani.

Wajen haɗawa masu saye ke ɓata shi, sai su zuba a tukunya su dafa kamar sassaƙe. Wani ɓangare na amfaninsa yana cikin mai ne da ke bin tururi ya gudu. Ka gaya musu: busasshen fure giram 3, wajen cokalin cin abinci ɗaya, a zuba masa tafasasshen ruwa mililita 150, a rufe minti 10, a tace. Rufewar nan dole ce. Sau uku a rana, tsakanin abinci, don kumburin ciki da murɗa. Idan ya huce ana kurkure baki da shi saboda gyambon baki da kumburin dasashi.

Ban yarda a ɗiga shi a ido ba, ko wa ya ce an saba yi; ƙurar furen tana ƙara kumburi. Mai shan warfarin, maganin tsinka jini, kada ka sayar masa sai likitansa ya sani. Haka mai ciki da jariri. Wanda ya sha ya ji ƙaiƙayi ko numfashinsa ya toshe, ya daina nan take. Ciwon ciki da jini a bahaya kuwa aikin asibiti ne.

Damshin daminar Jos yana sa shi fumfuna, saboda haka ka juye shi daga leda zuwa kwalba mai murfi, nesa da rana. Wanda ya koma gari, ƙamshi ya tafi, zubar da shi.