Tambayoyinku: Kafin a Sayi Na'urar Bibiyar Kifi

Wata ɗaliba daga Gwagwalada ta rubuto: "Aikin kammala karatuna a kan zirga-zirgar tarwaɗa ne a Kogin Usuma da damina. Na ga wani a Facebook yana tallar na'urar bibiyar kifi da araha. Ɗan kuɗin da Baba ya haɗa mini ke nan, ina tsoron asara."

Kwantar da hankalinki, 'yata, tambayar da kika yi kafin ki biya ita ce daidai. Kada ki tura masa ko sisi tukuna.

Na'urar da ke aiko da sauti daga jikin kifi tana da batir a rufe a cikinta, ba a canza shi. In ta daɗe a ajiye, batirin na iya mutuwa tun tana cikin kwali, kuma ido ba zai nuna miki ba. Sannan ba ta aiki ita kaɗai, sai an dasa na'urorin da ke karɓar sautin a wurare daban-daban cikin kogi, kuma nan ne kuɗi yake. Ya ambaci wannan a tallarsa? Abin da ke ɓata mini rai ke nan. Ana sayar wa yaranmu rabin kaya, ba rasit, ba sunan kamfani, ba ranar ƙira, su kuma su biya saboda hoton ya yi kyau. Araha ba ta ado. Ba kuɗin Baba kaɗai zai tafi ba: za ki tsaga cikin kifi mai rai don saka na'urar a banza, damina ta wuce, ki zauna ba bayani ko ɗaya. Wasu a nan suke fara ƙirƙirar alƙaluma, kuma da irin waɗannan alƙaluman ake yanke shawara a kan kogunanmu.

Akwai alamar PIT, 'yar ƙaramar alama mai ɗauke da lamba da ake sakawa cikin jikin kifi, mai kama da ƙwayar shinkafa, tsawonta kamar milimita 12, ba ta da batir. Sai dai abin karanta lambarta sai an kawo shi dab da kifin. Ki duba mitar da kyau, wato zangon rediyon da alamar ke aiki a kai: mai 134.2 kHz daban, mai 125 kHz daban, kuma ba kowane abin karantawa ke gane duka biyun ba. A gwada alamomin da abin karantawar a gabanki, ɗaya bayan ɗaya. In kuɗi ya gaza, alamar roba mai lamba da ake maƙalawa a bayan kifin ta ishe ki, muddin kin shirya da masuntan wurin su riƙa sanar da ke. Kada nauyin alama ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin kifin, kuma a sumar da shi da man kanumfari kafin a taɓa shi. Ki roƙi malaminki ya haɗa ki da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa, kusa da Dam ɗin Kainji. Shawararsu ta fi ta ɗan talla.

Wani daga Kubwa yana tambaya ko zai iya ɗaura wa giwan ruwa na'urar bibiyar mota. Haba malam! Na'urar mota da saƙon tauraron ɗan'adam take aiki, shi kuwa ba ya ratsa ruwa. Bar ta a motarka.

Wani dattijo mai su a Kogin Gurara ya sa jikansa ya rubuto cewa ya kama kurungu da roba mai lamba a bayansa, yana fargabar ko guba ce ko kuma ya yi laifi.

Baba, ba ka yi laifi ba, robar kuma ba guba ba ce. Ka sa yaron ya rubuta lambar, da ranar, da sunan wurin da ka kama shi, ya ɗauki hoto, ya kira lambar wayar da ke jikin robar in akwai. In ka sake kama irinsa da rai, ka mayar da shi ruwa bayan an rubuta. In kuwa za a ci, a duba cikinsa sosai lokacin gyara, domin wata alamar ta gilashi ce.